Cip na Biyar

A ofishinsu da ke unguwar masana'antun Hsinchu, kowa ya san sunan Yaya Kuo mabuɗi ne. Kamfaninsu cip yake ƙerawa, irin ƙananan nan na ajiya da ake liƙawa a cikin mita da rediyon mota. Amma cip komai kyansa, in babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura ba ta san shi ba, tsakuwa ce kawai. Aikin sashensu ke nan: su ƙara 'yan layuka a cikin direba, wato ɓangaren manhajar da ke magana da cip, su ce ga lambarsa, ga girmansa, ga makunnin da ake taɓawa in ana son ya yi sauri. Sai su aika facin, wato ƙarin layukan nan, zuwa zauren imel, inda duk duniya ke karantawa.

Mai karɓar facin wata mata ce a can Turai da ba wanda ya taɓa ganin fuskarta. 'Yan ofis suna kiranta Mai Ƙofa. Ba ta gaisuwa, ba ta godiya, kuma duk wanda ya kawo faci sai ya haɗo da sakamakon gwaji, layi bayan layi, kamar ɗalibi da aikin gida. Mutum ɗaya ta ɗauke wa wannan. In ta ga an rubuta a ƙasa cewa Kuo ya gwada, shi ke nan, sai ta buɗe. Gashinsa ya yi fari kafin ya kai ga haka.

Hsieh Wan-ju ba ta daɗe a sashen ba, amma hannunta yana da tsabta, kuma ta san da haka, wanda shi ne matsalar. An ba ta sababbin cip biyar 'yan gida ɗaya ta shigar da su kafin a rufe karɓar faci na wannan zangon. Huɗu sun iso teburinta, ta liƙa su da dalma a allon gwaji, ta goge, ta rubuta, ta karanta, komai lafiya lau. Na biyar, babban cikinsu, samfurinsa ya maƙale a masana'anta. Ta duba takardar bayaninsa sama-sama, ta ga kamar 'yan'uwansa ne sak, sai dai girma. Ta kwafi layin na huɗu, ta canja lamba da girma.

Ranar nan Yaya Kuo yana sauri ne, zai kama jirgin ƙasa zuwa Chiayi don sharar kabarin mahaifinsa, ga jaka a kafaɗa. Ya tsaya a bayan kujerarta, ya leƙa facin ta saman tabarau.

"Duka biyar kin gwada?"

"Duka, Yaya."

Kalmar ta fita tun kafin ta auna ta. Ta so ta ƙara da cewa "sai dai," amma har ya gyaɗa kai.

"To sa sunana ki aika. In na tsaya sai na dawo, ƙofa ta rufe, manaja ya cinye mu ɗanye."

Ta sa, ta aika, Mai Ƙofa ta karɓa ba tambaya. Wan-ju har shayi mai ƙwallayen rogo ta saya wa 'yan sashe don murna. Da samfurin na biyar ya iso daga baya, cikin 'yar ledarsa mai ƙyalli, ta jefa shi a aljihun tebur da niyyar gwadawa gobe. Goben nan ta yi ta ja da baya, don can ƙasan ranta ba ta son sanin amsar.

Bazara ta shigo, zance ya kwanta. Wata rana da tsakar rana suna cin shinkafa da cinyar kaza a kwali, A-Hao, abokin aikinta da bakinsa ba ya hutawa, ya daina tauna yana kallon wayarsa.

"Kai! Jama'a, yau Mai Ƙofa ta tashi da mu."

"Wa ta kama kuma?" wani ya tambaya.

"Babban kifi. Yaya Kuo da kansa."

Ya karanta musu. Wani mutum ne a Kenya, mai ƙaramin kamfani da ke haɗa mitocin ruwa, ya sayi babban cip ɗin nan saboda ya ga manhaja ta san shi. Ya liƙa cip ɗin, tire guda cur, a allunansa, ya kunna, duk suka kulle. Ashe a wannan cip ɗin makunnin sauri ba a inda na 'yan'uwansa yake ba. Wurin da direban ke taɓawa makunnin kulle ne, irin wanda in an taɓa sau ɗaya ba ya buɗuwa har abada. Mutumin bai yi zagi ba, ya dai ce odar da ya yi alkawari ta lalace. A ƙarƙashinsa Mai Ƙofa ta rubuta layi ɗaya: "Kuo, sunanka yana kan facin nan. Ka gwada wannan cip ɗin?"

"Wannan ai kunnawa ɗaya za ta nuna," in ji A-Hao. "Ko dai ledar gurgurun da muke ajiyewa a kan injin gwaji don kawo sa'a ta tsufa ne? Na ce muku a canja ta, koriya ake sawa sabuwa, ku kuna wasa da al'ada."

Aka yi dariya kaɗan. Ban da Wan-ju. Ta rufe kwalin, ta ce cikinta ne, ta tashi.

A ɗakin gwaji ta yage ledar mai ƙyalli. Tana liƙa cip ɗin a allo dalma ta ɗiga mata a yatsa, ba ta ko ji ba. Ta kunna allon tana roƙon abin da ta san ba zai yiwu ba, ko mutumin Kenya ne ya yi kuskure. Cip ɗin ya amsa lambarsa, direba ya taɓa makunni, ya kulle. Duk abin bai kai tsawon shan kofin ruwa ba. Kunyar da ta kama ta ba ta kuskuren ba ce, kowa yana kuskure. Ta ganin ƙanƙantar aikin da ta guje wa ce, da girman abin da ta jingina a kai.

Ta sami Yaya Kuo a teburinsa yana goge tabarau da gefen riga. Ta ajiye allon a gabansa, ta kasa ɗaga kai.

"Yaya, na biyar ɗin... ban gwada ba. Bai iso ba a lokacin. Na yi maka ƙarya."

"Na sani tun da na karanta," ya ce a hankali. "Da kin kunna shi da kin gani."

"Zan rubuta mata yanzu, in ce ni ce."

"Na riga na ba ta amsa."

Ya juyo mata da fuskar kwamfutar. Ya rubuta cewa bai gwada ba, ya sa sunansa a kan abin da hannunsa bai taɓa ba, laifinsa ne, kuma gyara na tafe. Bai ambace ta ba ko da harafi.

"Amma ba gaskiya ba ne, Yaya!"

"Wanne ne ba gaskiya ba a ciki? Nuna mini."

Ta duba, ta sake dubawa, babu. Da ya yi mata tsawa a gaban kowa da ta fi samun sauƙi.

Duk da haka ta koma teburinta ta rubuta nata, ta faɗi komai a zauren da duniya ke karantawa, har da tambayar da ya yi mata da amsar da ta ba shi. A ranta tana ganin in ta zubar da nata sunan, nasa zai dawo. Ta gyara layin, ta gwada a sabon samfuri, ta haɗa sakamako, ta sa hannu aka aika wa mutumin Kenya wasu cip ɗin.

Amsar Mai Ƙofa ta zo washegari. Ta karɓi gyaran. Ga Wan-ju ta ce ta ji. Ga Kuo ta ce daga yau facin da ke ɗauke da sunansa ya riƙa zuwa da sakamakon gwaji, kamar na kowa.

Kwanakin da suka biyo baya Wan-ju ta riƙa bin ta matakala don kada lif ya haɗa ta da Yaya Kuo. In ta wuce ta gan shi ya duƙufa yana kwafe layukan gwaji yana mannawa, aikin da ya bari tun tana makarantar sakandare, sai ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Shi kuwa bai canja mata fuska ba. Yana gaishe ta, har lemon gonar ƙanwarsa ya ajiye mata a tebur. Ta fara sa rai ko abin ya wuce a wurinsa.

Da sababbin cip suka zo, ta gwada su ɗaya bayan ɗaya, ta maimaita, ta shirya facin, ta kira shi ya duba. Ya zo ya tsaya a bayan kujerarta kamar da, ya leƙa ta saman tabarau.

"Nawa ne wannan karon?"

"Uku, Yaya. Duka na gwada, ga sakamakon nan, kowanne sau..."

"Madalla," ya ce, da murmushinsa.

Ya jawo kujera ya zauna kusa da ita, ya naɗe hannun riga, ya miƙo tafin hannunsa.

"Miƙo mini cip ɗin."