Gaba arba'in na Isufu

Shekara goma sha ɗaya ina tafinta a kotun Dakoro, kuma na ga masu saɓa alkawari iri-iri. Yawancinsu da baki suke shigowa, suna rantse-rantse tun daga ƙofa. Arzika maginin rijiya kuwa shigowa ya yi kamar wanda aka taso daga jinya, ya zauna a bakin benci, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Gajere ne ƙaƙƙarfa, kuma gajartar nan tasa ce ta kawo shi gaban alƙali.

Wanda ya kai ƙararsa Attaher ne, makiyayi daga arewacin Badar Gula. Bara ya sayar da raƙuma biyu ya sayi siminti, ya kira Isufu, wan Arzika, ya haƙa masa rijiya. Isufu ya zagaya wurin kwana biyu, ya kafa sanda, ya ce a nan akwai ruwa a gaba arba'in. Suka yi yarjejeniya gaban maigari, ba takarda: Isufu da ƙanensa za su haƙa gaba arba'in, a samu ruwa ko kada a samu, ladansu kuma bijimi ɗaya, a ba su tun farko. Gaba dai kowa ya san ta, mutum ya buɗe hannuwansa biyu, daga ƙarshen yatsa zuwa ƙarshen yatsa. Abin da babu wanda ya tuna ya tambaya ranar shi ne, hannuwan wa.

A gaba talatin da ɗaya iska ta ƙare wa Isufu a ƙasan rijiya. Arzika ne ya sauka ya ɗaure shi da igiya aka jawo shi, ya riga ya cika. Bayan sadakar arba'in Arzika ya koma aiki, ya cije ya ƙara gaba biyar, sannan wata safiya ya zura igiya har ƙasa, ya jawo, ya auna ta da nasa hannuwan. Arba'in cif. Ya kwashe kayansa ya tafi gida, ya bar rijiya busasshiya.

Maigari ya yi sulhu ya kasa, aka je wurin sarki, nan ma ba a daidaita ba. Shi ya sa suka iso gare mu.

Attaher ya fara magana, kuma bai ɗaga murya ba. Ya ce: "Ranka shi daɗe, ni da Isufu munka yi magana, shi na ba hannu. Na auna da nawa hannu, ba ta kai ba. Bisashena kullum sai sun yi tahiyar rabin yini kahin su sha. Ko a cika mani rijiya, ko a maido mani bijimina in nemi wani magini."

Na juya wa alƙali da Faransanci. Matashi ne, bai daɗe da zuwa daga Yamai ba, kuma na ga yana neman awon metir a cikin zancen bai samu ba. Ya dubi dattawa biyu masu zama gefensa don sha'anin al'ada, su ma suka dubi juna.

Bijimin nan shi ne matsalar. Yana gidan Dela, matar marigayi, shi ke jan amalanken da take sayar da ruwa a cikin gari tana ciyar da ƴaƴa huɗu. In aka mayar da shi, tukunyarta ta sauka. In kuma ba a mayar ba, sai Arzika ya koma cikin ramin da ya ɗauko gawar wansa.

Alƙali ya tambayi Arzika ko yana da ta cewa. Ya ce: "Arba'in anka ce, arba'in na auna. Hannun da Allah ya ba ni ke nan, ba ni da wani."

Wasu suka yi dariya a baya. Ni ban yi ba, domin ina kusa da shi, na ga abin da su ba su gani ba. Ba ƙarya yake yi don cin haƙƙin kowa ba. Tsoro ne ya kama shi, kuma namiji maginin rijiya ba ya iya faɗin haka a gaban jama'a. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

Dattijo ɗaya ya ce a al'ada gabar wanda ya ƙulla magana ake bi. Ɗayan ya ce haka ne, to amma mai gabar yana kabari, wa zai auno shi? Na ga kafaɗun Arzika sun ɗan sauka. Da a nan aka tsaya, da ya tsira.

Sai Dela ta tashi daga cikin mata, da ƙunshi a hannu. Babu wanda ya kira ta shaida. Ta kwance ƙunshin, ta fito da kaftani shuɗi, na sallar da Isufu ya yi ta ƙarshe. Ta ce: "Ga awonshi. Tela ya auna shi daga wuyan hannu zuwa wuyan hannu, ina tsaye."

Arzika ya juyo ya ce: "Dela, kin san abin da kike yi? Bijiminki ne fa."

Ta ce: "Na sani. Amma kullum in na kai ruwa gidajen mutane sai in ji ana cewa Isuhu ya ɓata wuri, ya kahe sanda inda babu ruwa, ya mutu a banza. Ɗiyanshi na ji. Ni ban yarda ya ɓata ba, Arzika. Ba a kai inda ya ce ba."

Alƙali ya ce a gwada. Arzika ya sa kaftanin, ya buɗe hannuwa, hannun rigar ya haɗiye yatsunsa har ya yi saura yana lilo. Wannan karon babu wanda ya yi dariya. Aka auna rigar da igiya, aka ƙara tsawon tafi biyu, aka yanke. Da aka lissafa da igiyar rijiyar da Attaher ya kawo, saura gaba huɗu.

Hukunci bai ɗauki lokaci ba: cikin wata guda, ko Arzika ya cika gaba huɗu na Isufu, ko a mayar da bijimi. Arzika ya tuɓe rigar, ya ninke ta a hankali, ya miƙa wa Dela. Guntuwar igiyar da aka yanke kuwa ya naɗe ta ya sa a aljihu. A bakin ƙofa na ji Attaher na ce masa shi da kansa zai riƙe igiya, ba zai ba wa kowa ba, kuma duk lokacin da ya ce a jawo shi za a jawo, ko sau goma a yini.

Ranar da wa'adi ya rage kwana uku aka aike ni tare da magatakarda mu dubo aiki. Mun tarar da Attaher a bakin rijiya, igiya naɗe a ƙugunsa, tafukansa duk sun sale. Ya ce mana kwana shida na farko Arzika ko gaba goma ba ya wucewa sai ya ce a jawo shi. Dela na zaune can nesa kan amalanke.

Wajen azahar guga ya fito da yashi mai duhu. Attaher ya damƙa, ya matse, ruwa ya biyo tsakanin yatsunsa. Ya yafito Dela ta zo, ya miƙa mata a tafinsa, ta karɓa da hannu biyu.

Da aka jawo Arzika ya zauna a ƙasa, ƙafafunsa jiƙe har idon sawu, hawaye na wanke masa ƙasar fuska. Magatakarda ya tambaye shi nawa ya haƙa, don a rubuta. Ya ciro guntuwar igiyar daga aljihu ya dube ta.

Ya ce: "Ukku da rabi. Ku rubuta wana ya ɓata da rabin gaba. Da shina nan da na yi mishi tsiya."