Jajayen Kajin da Suka Ƙi Kwanci

A kakar 1964 Amos ya ajiye aikin reluwe a Funtuwa, ya kwaso matarsa Rahab da komatsansu suka koma Unguwar Sanda, wani ɗan ƙauye a gefen hanyar Danja, inda mahaifinsa ya bar masa kangon gida da yankin fadama. Shekara goma sha biyu yana gyaran layin dogo, hannunsa ya manta da fartanya, amma bakinsa bai manta da noma ba. In ka ji shi yana tsara yadda zai yi, sai ka ce ka bar gonarka ka bi shi: lambu a fadama, kaji a tsakar gida, aladu can baya, ganyen da ya lalace aladu su ci, takinsu ya koma lambu. Duk a wani ɗan littafi da malamin gona na mishan ya ba shi ya gano wannan.

Ranar da suka sauka, ba su gama kwance kaya ba sai ga sallamar Inna Hansai, tsohuwar da danga ɗaya ce tsakaninsu. Mijinta ya daɗe da rasuwa, daddawa take yi tana kaiwa kasuwar Danja. Ta shigo da ƙwaryar fura a ka, da kaza wake-wake a hammata, mai yankakken yatsa a ƙafar hagu, shaidar kajin gidanta ke nan.

Ta miƙa wa Rahab, ta ce, "Ungo, 'yar nan, ta taya ki zama."

Rahab ba ta san uwa ba, tana goye aka yi mata rasuwa. Shi ya sa tsohuwar nan ta shiga ranta farat ɗaya. Kullum da hantsi Inna Hansai za ta zagayo da faifanta, su zauna gindin rumbu suna tsince kalwa. Ita ta koya mata yafa irin albasa, ita ta nuna mata yadda ake barbaɗa toka a kan tumatir saboda tsutsa. Ita Musulma, su Kirista, amma ranar Lahadi in sun tafi coci ita ke kwashe musu shanya.

Aka yi wata biyu a haka. Sai malamin gona ya zo da motar mishan, ya sauke 'yan aladu biyu, da jajayen kaji huɗu da zakaransu, manya-manya, ƙirji a cike kamar 'yan sandan En'e. Ya ja musu kunne, ya ce kada a kuskura a haɗa su da kajin gida, za su sa musu ciwo, su kuma ɓata iri. Amos mutum ne da in mai littafi ya yi magana, to an gama. Ranar kasuwa ya ɗaure kajin gida uku da suke da su a bayan keke, har da wake-waken, ya kai Danja ya sayar. Rahab tana tsaye, idonta na kan jajayen kaji.

Daga makon nan ƙafar Inna Hansai ta ɗauke.

Ba faɗa, ba ɓacin baki. In Rahab ta leƙa ta kan danga ta ce, "Ina kwana, Inna?" sai ta ji, "Lafiya lau," shi ke nan, tsohuwa ta ci gaba da abin da take yi. Rahab ba ta wani tsaya dogon tunani ba, ta ce aladun nan ne. To me kuma zai zama? Ta tasa Amos a gaba har ya rushe garken ya mayar da shi ƙarshen gona, inda ko iska ta juyo ba za ta kawo wari ba. Ta canza bokitin da ake kai musu dusa, ta hana a shigo da shi gida. Duk da haka hantsi zai yi ya wuce, tana zaune gindin rumbu ita kaɗai. Abin yana ci mata rai ƙwarai, don ji take kamar an sake yi mata rashin uwa, ga kunya ta hana ta tambaya.

Lambu dai ya yi kyau. Amos ya kafa jigo, yana ban ruwa safe da yamma har tafinsa ya yi kanta, alayyafo da albasa suka yi kore shar. Aladu suna ci suna ƙiba, su ba ruwansu da zargin da ake musu. Kaji kuma suka fara ƙwai, manya, jajaye, kusan kullum. Rahab ta shimfiɗa ƙaiƙayi a cikin akurki, ta jera goma sha biyu, ta koma gefe tana jiran ganin wadda za ta fara kwanci.

Shiru. Kaza za ta shiga, ta saki ƙwanta, ta fito tana kyarkyara kamar ta ci sarauta, ta tafi kiwonta. Ko waiwaye babu.

Nan fa Rahab ta sami abin bincike. Tun tana yarinya ta san kaza in ta tara ƙwai sai ta kwanta a kai, ta kumbura, ta sari duk wanda ya matso. To waɗannan me ke damunsu? Ta ce ko haske ne ya yi yawa, ta toshe ƙofar akurki da tsumma. Ta ce ko ƙaiƙayin ne bai yi musu ba, ta sa harawa. Ta kama mafi girmansu ta ɗora a kan ƙwai ta kife da kwando, ta zauna tana leƙe ta ɓuli. Kaza ta tsaya cak a kan ƙafafunta tun hantsi har azahar, da aka ɗaga kwando ta tsallake ta fasa biyu.

Da Amos ya dawo daga fadama ta ce, "Maigida, duba mana littafin nan naka, me ya ce a kan kwanci?"

Ya wanke hannu, ya sa tabarau, ya bi shafi-shafi da yatsa. Akwai maganar abinci, akwai ta ƙuma, har da zanen akurki mai taga. Ya rufe ya ce, "Bai ce komai ba. Wataƙila a ƙasarsu mai raino ake ɗaukar musu."

"Wasa kake yi, ni kuwa ƙwai na lalacewa."

Malamin gona ya tafi kwas Samaru, ba a san ranar dawowarsa ba. Ƙwai na farko suka yi ɗoyi aka zuba wa aladu. A duk ƙauyen kuwa, wanda ya san ciki da wajen kaza bai wuce mutum ɗaya ba, kuma tana nan bayan danga. Rahab ta kwana uku tana juya abin. Ran na huɗu son sani ya rinjayi kunya. Ta yi wanka, ta ɗaura wankakken zane don kada a ce ta zo da warin garke, ta jera ƙwai a ƙwarya ta zagaya.

Inna Hansai tana tsakar gida tana mulmula daddawa. Ta amsa sallama, ta tura mata kujera da ƙafa. Rahab ta durƙusa ta gaishe ta, sannan ta zayyana mata komai, har da kwando. Tsohuwa ta so ta daure, amma da aka zo kan kazar da ta yini a tsaye sai dariya ta kufce mata.

Ta ce, "Kawo ruwa a kwano."

Ta riƙa saka ƙwai ɗaya-ɗaya. Wanda ya taso sama ta ware, ta ce ya tsufa. Wanda ya kwanta ƙasa ta goge da gefen zane, ta kara a ido tana duban rana. Tara suka tsira.

"Ba ki taɓa ganin zabuwa ba?" in ji ta. "Ta iya zuba ƙwai, ba ta iya riƙo ba. Ƙwanta ake kwasowa a sa wa kaza. To kajinki zabin Turawa ne. Uwa za a nema musu, kuma kin taki sa'a, ina da wadda ta fara kwanci shekaranjiya a kan ƙwai biyu kacal."

Ta miƙe ta nufi ƙarƙashin rumbunta, Rahab na biye da ƙwarya. Ta zura hannu ta ɗago kaza tana ƙugi, ta kumbura fam. Wake-wake ce. Rahab ta dubi ƙafar hagu, ta ga yankakken yatsa, ta ga kuma ɗan tabon da igiyar keke ta bari a ƙwauri. Sai ta ji ƙwaryar ta yi mata nauyi.

"Inna, wannan ai..."

"Ita ce," in ji Inna Hansai, tana jera ƙwai ba ta ɗago ba. "Ina zaune a rumfata a Danja na hango ta a hannun mai tsire, ƙafa sama kai ƙasa. Daddawar ranar duka na ba shi na karɓo ta. Da kakar kakanninta aka kawo ni gidan nan, irinsu bai taɓa yankewa a hannuna ba."

Rahab ta durƙushe a wurin. Hawaye ya zo mata, kunya ta rufe ta. Ta ce, "Ni duk zatona aladu ne, Inna."

"Ƙazaman nan naku? Ba na son su, ba kuma zan fara so ba. Amma ai ba a tukunyata kuke dafa su ba. Da ba ki son ta, 'yar nan, da kin miƙo mini ita ta kan danga."

Rahab ta ba ta haƙuri, ta sake ba ta. Tsohuwa ta ce ya wuce, ta mayar da kaza kan ƙwai, ta koma kan daddawarta. Sai dai ba ta ce za ta zagayo ba, Rahab kuma ba ta da bakin tambaya.

Kwana ashirin da ɗaya ba wasa ba ne ga mai jira. Rahab ta riƙa aika alayyafo da albasa ta kan danga, a karɓa a yi godiya. Amos da ya ji labari ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi, daga baya ya tura littafin can ƙarƙashin akwati.

Ran na ashirin da biyu da hantsi, tana gindin rumbu tana tankaɗe, sai ta ji sallama a bakin zaure. Inna Hansai ce, faifai a ka, kwando a hannu. Ta dire shi a tsakar gida ta buɗe. Wake-wake ta fito tana ƙugi, 'yan tsaki bakwai masu ruwan zuma suka zubo a bayanta. Jajayen kajin suka matso suna miƙa wuya, suna kallon 'ya'yansu ba su gane su ba, uwar riƙo ta kai wa ɗaya sara ta ja da baya.

Rahab ta ce, "Inna, kin sake ba ni ita?"

"A'a," in ji tsohuwa. "Wancan karon kyauta na yi, aka kai ta kasuwa. Wannan aro ne. Kayan aro kuwa ba a sayarwa, kuma mai shi yana da ikon zuwa duba abinsa kullum."

Ta jawo kujerar da ta saba zama a kai, ta kaɗe ƙurar wata uku da gefen mayafi, ta zauna. Ta ajiye faifan kalwa a tsakaninsu, ta ce wa Rahab ta matso, aikin da yawa.