Jinin da Ba na Haihuwa Ba

Ranar da Hamma ya dawo daga sallar la'asar ya tarar da matarsa Zaituna zaune tana tsince wake, butarta a bushe, darduma a naɗe inda take tun safe, sai ya tsaya. Ya dubi butar, ya dubi matar, sannan ya nufi garke da wani murmushi da ta daɗe ba ta gani a fuskarsa ba. Nan take ta gane abin da ya ɗauka.

Shekara ashirin da takwas ke nan da aurensu a wani ƙauye da ke bakin dajin Falgore, Allah bai ba su haihuwa ba. Ɓari biyu ta yi tun tana da ƙuruciya, daga nan shiru. Hamma bai taɓa yi mata gori ba, ko da wasa. Da al'ada ta ɗauke mata shekara biyu da suka wuce, sai suka binne zancen ba tare da kowa ya buɗe baki ba.

Sai zafin ya zo. Yakan taso mata daga ƙirji ya haye ka, gumi ya jiƙe ta sharkaf ko da tsakiyar sanyi. Barci ya ƙaurace mata, gwiwoyi suka yi tsami, abu kaɗan ta fashe da kuka. Ta sha saiwa, ta sha rubutu, duk a banza. Daga ƙarshe ta bi motar kasuwa zuwa asibiti a Tudun Wada, inda wata likita mai suna Fa'iza ta auna ta, ta yi mata tambayoyi kamar ba za ta gama ba.

"Inna, akwai wani sinadari da jikin mace ke yi, istirojin ake ce masa," in ji likitar. "Naki ne ya ƙare, shi ya kawo zafin nan. Waɗannan ƙwayoyin za su maye gurbinsa. Amma ki saurare ni da kyau: za ki riƙa ganin jini duk wata. Na magani ne, ba na haihuwa ba. Wannan ƙofar kam ta rufe."

Maganin ya karɓe ta. Ta yi barci, ta yi dariya, ta koma dakanta. Hamma kuwa maganin zafin jiki kawai ta ce masa an ba ta, don wace mace ce mai kunya za ta zaunar da namiji tana yi masa zancen jini? Ta manta cewa buta ma tana magana.

Daga ranar da ya ga butar a bushe mutumin ya sake. Ya riƙa dawowa daga kasuwa da hanta a ƙunshe, abin da bai saba ba. Wata rana yana gyaran igiyar maraƙi, ba tare da ya kalle ta ba, ya ce, "Ikon Allah ya wuce lissafin mutum. Annabi Zakariyya ma ai sai da furfura ta cika masa kai."

Zaituna ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Tausayinsa ya cika ta, ga tsoron ranar da zai gane. Wata uku tana juya maganar, bakinta ya ƙi buɗuwa. Sai ta yanke shawarar da take gani ta fi sauƙi. Ta tura ƙwayoyin ƙarƙashin kwalla ta daina sha, ko da yake likita ta gargaɗe ta kada ta bari da kanta. A shiru jinin ya zo, to ya tafi a shiru, ya tafi da begen da ya kawo. Zafin kuwa ya dawo ya same ta inda ya bar ta, ta cije ta daure.

An yi gudun gara, an tad da zago. Makiyayi take aure, mutumin da ya san ma'anar saniyar da ba ta sake neman bijimi ba.

Wata rana da hantsi tana bakin rijiya, ta gyara gammo za ta ɗora jarka, sai ta ji an riƙe ta. Hamma ne, ya baro shanu a fadama.

"Ajiye, Zaituna. Daga yau kin daina ɗaukar nauyi."

"Malam, ruwa ne fa kawai."

"Kwana arba'in da shida ke nan ba ki yi fashin salla ba. Ina ƙirgawa." Ya matso kusa da ita. "Dubi yadda kike gumi. Ban faɗa wa kowa ba, sai ya yi ƙwari."

Ta dubi furfurar da ke gemunsa. Zafin ya taso mata daidai lokacin, har idanunta suka yi ja. Ta share fuska da gefen mayafi, ta sunkuyar da kai, ta faɗa masa komai, tun daga maganar likita har zuwa ƙarƙashin kwalla. Ba ta rage ko kalma ɗaya ba.

Hamma ya daɗe yana kallon cikin rijiyar. Can wata saniya ta yi kuka a fadama, bai waiwaya ba.

"Kenan babu," ya ce.

"Babu, Malam. Dama can babu. Ka yafe ni."

Ya gyaɗa kai sau biyu, a hankali, irin na wanda aka yi wa ta'aziyya.

"Duk kwanakin nan kina ƙonewa, magani na cikin ɗaki?"

Ta gyaɗa masa kai.

"Gobe mu je wurin likitar tare," ya ce. "Sai ta sake duba ki kafin ki koma sha."

Ta miƙa hannu za ta karɓi jarkar. Bai ba ta ba. Ya saɓa ta a kafaɗa ya shige gaba, ta ratsa tsakiyar ƙauye a bayansa, mata na leƙe ta saman danga suna murmushi, suna yi mata fatan alheri da ido.