Mai Bindiga da Mai Wuƙa

A garinsu, can arewa da Tanut, mutum ɗaya ba ya fita farautar barewa. Biyu ake fita, mai bindiga da mai wuƙa. Mai bindiga ya harba ya tsaya inda yake, mai wuƙa ya zura da gudu ya yanka kafin rai ya fita, ya ɗaga hannu, sannan ɗayan ya taho. Kafaɗar dama da wuya rabon mai wuƙa ne. Kuma ba a sauya shi yana raye, sai in shi da kansa ya miƙa wuƙar da hannunsa. Haka Talle da taubashinsa Almustafa suka yi shekara goma sha huɗu, tun ranar da mahaifin Almustafa ya ba ɗansa bindiga, ya ba ɗan ƙanwarsa wuƙa. Da bareyi suka yi ƙaranci, damina kuma ta yi ta ba da kunya, sai su biyun suka tattara suka taho Riyad neman abinci.

Bindiga dai ta zauna a gida. Wuƙa kuwa ta biyo Talle a ƙasan akwati, cikin kubenta na jar fata, kuma shekara tara ke nan ba ta yanka ko kaza ba, amma duk wata sai ya fito da ita ya shafa mata mai. Shi aikinsa ban ruwan shuke-shuke a wani gida a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, Almustafa kuma yana walda a wani gareji. Ranar Juma'a kaɗai suke haɗuwa, bayan an sauko daga masallaci, a kan ciyawar Al-Murabba kusa da gidan tarihi, inda 'yan Damagaram ke shimfiɗa tabarma su dafa shayi. A nan Talle ke baje kolin labarin farauta. Mutum ne mai baki, in ya fara sai ka ji ƙamshin naman. Kuma ba ya rufe labari sai ya ce da shi Kawu ya ba bindigar nan, da yanzu babu barewar da ta rage tsakanin Tanut da Agadas. A yi dariya, Almustafa ma ya yi, bai taɓa musa masa ba.

Ana cikin haka sai ga Almustafa wata Juma'a da baƙo. Wani dogo ne mai tabarau da farar mota, likitan ido daga Gusau, sunansa Lurwanu. Ashe akwai wani makeken fili mai shinge, tafiyar awa uku daga birni, inda mai shi ke kiwon bareyi, in sanyi ya shigo a ba mutane izinin farauta da bindigar wurin. Likita ya samo takardar Asabar huɗu a jere, ta mutum biyu. Bai taɓa harbin ko kurciya ba, amma tun yana yaro abin ke ransa, ga shi Allah ya haɗa shi da maharbi ɗan maharbi.

Mutum biyu. Talle ya ƙirga a ransa, ya ga babu shi. Shayin da ke bakinsa ya koma kamar ruwan kanwa.

Da Likita mugu ne ko mai girman kai, da abin ya zo da sauƙi. To ba haka ba ne. Mutum ne mai fara'a, yana cire takalmi ya zauna a tabarma, yana kiran Talle Malam Talle, yana zuwa da babban faranti na kabsa, shinkafar Larabawa da nama. Wannan kirki shi ya fi ci wa Talle rai. Sai ya ce ya ƙoshi alhali cikinsa na kuka, ya koma gefe yana satar kallonsu sun haɗa kai a kan waya suna duba taswirar filin, suna shawarar inda za su ajiye mota da inda rana za ta fito musu. Ya ga Almustafa ya ɗebi ƙasa ya sake ta a hankali, yana nuna wa Likita yadda ake gane inda iska ta nufa. Ya ji shi yana bayanin yadda ake bambanta sawun jiya da na yau. Ranar da ya ji ya koya masa fitonsu, wannan gajeren fito sau biyu mai nufin kwanta, ta ɗago kai, Talle sai da ya tashi ya yi kamar zai je sayen ruwa, don kada a ga fuskarsa. Fiton nan su biyu suka ƙirƙire shi a bayan wata ƙaya, suna samari.

Kishi ne, ba wani abu ba, kuma Talle ya san kishi ne. Sanin bai rage masa komai ba. A wurin aiki sai ya riƙe tiyo a gindin itace ɗaya har ruwa ya malale kan hanya, mudir, wato shugaban ma'aikatan gidan, ya leƙo ya daka masa tsawa. Ya shiga tsinar tabaran Likita, da motarsa, da takalman daji da ya saya masu tsada kamar wanda zai hau dutse. Har ya ce wa wani ɗan garinsu, Mamane, mutumin da ya saba riƙe auduga ina shi ina wuyan barewa.

Saura mako biyu a fara, Almustafa ya kira shi a waya. Bayan gaisuwa da 'yar tsokanar da ba ta yi armashi ba, ya ce yana son aron wuƙa.

Talle ya ce ai ta ɓace tun lokacin da aka sauya masa ɗaki. Yana faɗa yana kallon akwatin da take ciki.

Almustafa ya ce to, Allah ya sa haka ya fi alheri, ya kashe.

Ƙaryar ba ta ba shi sanyin da ya nema ba. Juma'ar da ta biyo baya sai ga su da sabuwar wuƙa daga kasuwa, mai walƙiya, irin wadda ake yanka kankana da ita, ana ta miƙa ta hannu zuwa hannu ana yabo. Wato ko da shi ko ba shi za a tafi. Talle ya kwana bakwai yana dafa abin da zai yi. Juma'ar ƙarshe ya naɗe wuƙarsa a tsumma, ya sa a leda ƙarƙashin burodi, ya shiga motar wani direban unguwarsu. Niyyarsa ya zare ta gaban kowa, ya ce ga ta nan, ba ta ɓace ba, hanawa ya yi, kuma duk wanda ya san al'adar gida ya faɗa in ana sauya mai wuƙa yana numfashi.

Bai samu ya yi ba. Yana isowa Almustafa ya hango bakin jan kuben ya leƙo daga ledar, ya tashi ya kama hannunsa, ya ja shi can gindin wani dabino inda ba mai jin su.

"Taubashi, ashe an ganta," in ji shi.

"Ba ta ɓace ba. Wuƙar Kawu ce, ba zan sa ta a hannun baƙo ba. Ka je ka ba likitanka ta kankana."

"Wa ya ce maka Likita zai riƙe ta? Ni zan riƙe."

Almustafa ya sa tafin hannu ya rufe idonsa na hagu, ya ce masa ya ɗaga yatsu ko nawa ya ga dama. Talle ya ɗaga uku, dab da fuskarsa. Idon dama yana nan a buɗe, fari tas kamar lafiyayye, yana kallon wani wuri kusa da kunnen Talle.

Tartsatsin ƙarfe ne, tun bara. Sau biyu Likita yana yi masa aiki, abin bai yiwu ba, kuma ta nan suka saba. Bai gaya wa kowa ba don kada maganar ta kai kunnen kafil, ubangidan da ya tsaya masa, ya ƙi sabunta masa iƙama, takardar izinin zama. Da wannan idon yake saiti, yanzu kuwa shi ke nan, shi da bindiga sai kallo. Abin da ya rage masa a duniyar farauta shi ne ya bi sawu, ya karanta iska, in an harba ya ruga. So yake ya sake jin ƙamshin daji ko sau huɗun nan ne, kafin ɗayan idon ma ya gaji.

Tausayi ya kama Talle. Amma zuciya ba ta da kunya. Kafin tausayin ya gama zama, wani kishin ya taso, wanda ya fi na farko zafi. Ashe gurbin mai bindiga ne ya faɗi, gurbin da ya yi shekara ashirin da uku yana hange, aka tsallake shi aka ba mutumin da bai san warin albarushi ba. Ya manta takardar ta Likita ce, ya manta komai.

"To ni fa?" Muryarsa ta yi ƙasa. "Ko sau ɗaya ba ka taɓa cewa Talle karɓi ka gwada ba. Ko a gida, ko a nan. Baƙo ya zo jiya, ka tsaya a bayansa kana gyara masa kafaɗa."

Almustafa ya daɗe yana murza gemu, kamar mai neman hanyar da ba ta bi ta kan ƙaya ba. Bai samu ba.

"Talle, kai runtse ido kake yi. Tun kafin bindiga ta tashi kake runtsewa, ka noƙe wuya. Baba ya gani ranar farko, shi ya sa ya ba ka wuƙa. Shekara goma sha huɗu ina gefenka ina gani. Amma da bindiga ta tashi, ban taɓa ganin mai gudunka ba. Ko barewa ɗaya ba ta taɓa mutuwa mushe a hannunka ba."

Talle ya waiwaya ya dubi tabarma. Ga Mamane yana zuba shayi daga sama, ga sauran da suka yi shekara tara suna jin yadda zai ƙarar da bareyin Tanut da an ba shi bindiga. Duk Juma'ar nan mutumin da ke gabansa yana zaune yana dariya tare da su, da magana ɗaya a bakinsa da za ta kashe labarin, bai taɓa furta ta ba. Kunya ta rufe Talle tun daga kai har ƙafa. Ya kuma tuna ƙarar bindiga, yadda take shiga masa har cikin haƙora, abin da ya zaci shi kaɗai ya sani.

Ya buɗe ledar, ya ture burodin, ya warware tsumman. Ya miƙa wuƙar da hannun dama, ƙotar tana fuskantar Almustafa, yadda Kawu ya miƙa masa.

"Ta baya za ka zo wa barewa, kada ka bi ta ƙafafu, shuri take yi. Ka danne ƙahon da gwiwa. Kuma ka sa ta a gefenka na hagu, inda kake gani."

Almustafa ya karɓa da hannu biyu. Ya ce in Allah ya ba su sa'a gobe, kafaɗar dama da wuya zai kawo masa har ƙofar unguwarsu.

"Na mai wuƙa ne," in ji Talle. "Ka ci abinka."

Suka koma tabarma. Likita ya matsa ya ba shi wuri, ya ce Malam Talle yau dai sai an ba su labarin nan na barewar da ta tsallake raƙumi, don ya shiga daji gobe da ƙarfin gwiwa. Mutane suka gyara zama. Talle ya dubi jan kuben a cinyar taubashinsa, ya dubi hannayen Likita masu laushi da za su riƙe bindiga da safe, ya ji kishin yana nan daram a ƙirjinsa bai tafi ko'ina ba. Ya ce a tambayi Almustafa, shi ya fi shi sani. Sannan ya jawo farantin kabsa gabansa ya fara ci.