Bangon Inna Ya Yi Shiru

Duk wanda ya taɓa kawo niƙa unguwarmu a Azare ya san injin Malam Zarami. Mahaifinmu ke nan. Daga Yobe ya zo tun yana saurayi, ya kafa injin a jikin gidansa, ya rasu ya bar wa yayana Gali. Mu da muke cikin gidan a kan rawar injin nan muka girma. In an tayar da shi ruwan randa ya kama ɓari, kwanuka su yi ta surutu, ƙasar rufi tana zubo wa mutum a miya. Ni dai tun ina yarinya nake jin haushinsa, har aurena ya mutu na dawo gida ban daina ba.

Inna ce kaɗai take ƙaunarsa. Sanƙarau ne ya tafi da jinta tun ina goyon fari, daga baya idon ma ya rufe a hankali. Baki kuwa ras, ko ni da ake cewa na iya faɗa a wurinta na gada. Ita take tambaya, mu amsa da hannu: in e ne ka matse hannunta, in a'a ne ka girgiza shi. Mutane kuma da shafa fuska take gane su. Ɗakinta ne ya haɗa bango da injin, gadonta a jikin bangon yake. Da safe in ta idar da lazimi sai ta ɗora tafinta a kai ta jira. Da ya ɗauki rawa za ta ce, "Gali ya tayar, a kawo min kokona."

A gidanmu Juma'a da mutuwa ne kawai ke hana injin tashi. Malam ne ya kafa haka: in an yi rasuwa a gida, sai bayan sadakar uku. In lalacewa ce, Yaya Gali yakan shigo tun da wuri ya kai mata hannunsa mai baƙin mai hanci, ta san gyara ake. Ta bango ta san mutuwar shi kansa Malam. Da asuba ya cika a asibiti, ƙaninsa Baffa Mamman ya shigo, ta tambaye shi, "Da sauƙi?" Ya matse mata hannu don tsoron hawan jininta. Hantsi ya yi bango bai motsa ba, babu wanda ya kawo mata baƙin mai. Sai ta ce a ba ta ruwa ta yi alwala, ta sani.

To bangon nan ne ya tsage. Tsagar ta taso daga saman taga ta gangaro har bayan gadonta. Bara yatsa ke shiga, bana hannuna duka ya shige. Magini ya duba ya ce ko an cike, muddin injin yana jijjiga shi, ba zai ga ƙarshen damina ba. Na yi juyin duniya Inna ta koma ɗakina, na ja ta har bakin ƙofa, ta riƙe ƙyaure ta ce a nan Malam ya ajiye ta, daga nan za a ɗauke ta. Rufe injin kuma ba magana ba ce, da shi muke ci.

Yunusa, autanmu, shi ya zo da mafita. Injiniya ne, yana aiki a Kaduna da wani kamfani mai girka manyan janareto a benaye. Ya sauka daga keke napep da kwali mai nauyi, ya buɗe a tsakar gida. A ciki wasu ƙafafu ne na ɗora inji, kowanne ƙarfe biyu ne shafaffu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, an naɗe igiyar ƙarfe irin ta jan mota zagaye-zagaye a tsakaninsu.

Na ce, "Auta, wannan murɗaɗɗen abin ne zai ɗauki injin da ƙarti ba sa iya ɗagawa? Karatun ke nan?"

Ya yi dariya. "Yaya Suwaiba, ki duba igiyar da kyau. Ƙananan wayoyi ne aka tufka wuri ɗaya. In injin ya girgiza sai ta lanƙwasa, wayoyin su yi ta gugar juna, ƙarfin ya ƙare a nan. Abin da zai sauka ƙasa bai kai ya motsa bango ba. Roba zafi da mai suna cinye ta, wannan kuwa babu ruwanta."

"In ya kife a kan Yaya Gali fa?"

"Sai ki gaji injin, tunda kin fi kowa sonsa."

Ranar Juma'a ya ɗauko masu jak suka yi aikin. Aka ɗaga injin da kan niƙan da jak, aka ɗora su a kan firam ɗaya na ƙarfe don kada bel ya goce, aka ɗaure igiyoyin a ƙarƙashi da noti. Bayan la'asar suka tayar don gwaji. Yunusa ya ajiye kofin ruwa a ƙasa kusa da bango ya ce in kalla. Ƙara tana nan yadda take, injin yana ta rawarsa a saman igiyoyin, ruwan kofi kuwa ko gezau. Wallahi daɗi ya kama ni. Na shiga ɗaki na tarar da kwanukana sun yi tsit, na fito ina sa masa albarka, abin da ban cika yi ba.

Washegari bayan sallar asuba ya shiga yi wa Inna sallama. Ta shafa fuskarsa, ta tsaya a kan tabon girarsa da ya samu tun yana rarrafe, ta ce, "Ka ce wa direba ya bi a hankali." Ya matse hannunta ya tafi tasha.

Yaya Gali ya tayar da inji a kan lokaci. Mata sun cika ƙofa da dawa da masara, ni ina ta hidimata. Na kai wa Inna koko na tarar da hannunta a bango. Ta ce, "Yau ma Juma'a ce?" Na girgiza. Ta ce, "Gali ya shigo?" Na girgiza, na ajiye kofi na fita, don wake na bari a wuta. Mu uku masu ido da kunne, har da injiniya a ciki, babu wanda ya kawo abin a ransa.

Da azahar kokon yana nan ya yi sanyi, hannun kuma yana inda na bar shi. Ta ce in kira mata Gali. Ya zo, ta shafa shi. Ta shafa ni. Ta sa aka kawo jikoki ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta kama hannuna ta ce, "Yunusa ya isa lafiya?"

Na matse da ƙarfi, don bai daɗe da kirana a waya ba.

Ta zare hannunta. "Haka Mamman ya matse min ranar Malam."

Sai a nan na gane. Yaro ya kama hanya da asuba, tun daga lokacin bango bai motsa ba, me kuma za ta ɗauka? Na ruga wajen injin na ɗebo gari da ɗuminsa na zuba mata a tafi. Ta murza ta ce, "Na injin Babayo ne na bayan layi, ba ni za ku yi wa wannan ba." Yaya Gali ya shafo baƙin mai ya kai mata hanci, ko za ta ɗauka gyara ake. Ta ture shi. "Sai yanzu ka tuna? A wane gari motar ta faɗi?" Muna ta girgiza hannu, ni ta dama shi ta hagu, kamar masu kaɗa nono. Na kai bakina kunnenta na kwarara ihu cewa yana raye, alhali na san banza nake yi.

Yaya Gali ya ce a ɗauke ta a kai ta ta taɓa injin da kanta. Da ya sunkuya ta gane nufinsa fita da ita ne, ta ƙanƙame ƙarfen gado. Ta ce ba inda za ta, masu gaisuwa za su zo su tarar ba ta nan. Tsohuwa tana haki, jijiyar wuyanta ta tashi, dole ya sake ta. Cire igiyoyin kuma sai da jak da mutane, masu jak ɗin sun tafi aiki Gadau. Na kira Yunusa, na zazzage masa duk faɗan da ke bakina, alhali bai ci ba bai sha ba. Ya ce, "Yaya, gobe motar farko zan biyo." Muka ce to, kwana ɗaya ne, in ta shafa tabon nan magana ta ƙare.

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki carbinta tana nema masa gafara da sunansa, ina zaune a gefe ina jin uwa tana yi wa ɗanta mai rai addu'ar mamaci. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na yammacin nan ba. Dab da magariba ta ce in ba ta buta. Ta miƙe, ƙafar dama ta ƙi, ta zube a jikina.

A asibiti suka ce jini ne ya hau ya taɓa ƙwaƙwalwa. Yunusa ya iso washegari da azahar, ko gida bai biya ba. Ya durƙusa a gaban gadon ya ɗauki hannunta ya ɗora a girarsa, yana goga yatsunta a kan tabon. Ya saki, hannun ya faɗi. Ya zagaya ya ɗauki na hagu. Yana ta cewa, "Inna ni ne, ga ni," ga matar da ko da lafiyarta ba ta ji. Ni na zuba wa yatsun ido ko za su motsa. Yaya Gali ya ce shi ya ga sun ɗan lanƙwasa. Ni ban gani ba, kuma ba zan ce na gani ba. Kafin la'asar ta cika.

Aka rufe injin har sadakar uku. Da jama'a suka watse na ga Yunusa ya ɗauki sifana ta kwance noti ya nufi ɗakin injin, idonsa jawur. Na tare ƙofa na ce ya ajiye. Ya ce ba ya son ya ƙara ganin igiyoyin nan. Na ce, "Aikinka bai yi laifin komai ba, Auta. Ka cire su bango ya faɗo a kan jikokinta?" Ya zauna a kan buhun dusa ya yi kukan da bai yi a maƙabarta ba, ni kuma na tsaya a kansa ina faɗa, don in na yi shiru nawa ne zai zo.

Damina ta zo da ƙarfi ta wuce. Magini ya cike tsagar, ba ta sake buɗewa ba. Ni nake kwana a ɗakin yanzu, kuma wani lokaci da safe sai in tsinci tafina a bango, alhali ƙarar injin tana cika min kunne.

Labari ya bazu, masu injina suna zuwa neman lambar Yunusa. Shekaranjiya wani ya zo tun daga Zadawa, ya ce katangarsa ce ta fara tsagewa. Na ce zan ba shi, amma ya fara gaya min su wane ne a gidan, akwai tsoho ko tsohuwar da ba ta ji, kuma wa yake kwana a jikin bangon. Ya dube ni kamar na zautu. Na ce ya je ya duba tukuna, lambar tana nan.