Fil ɗin Wutsiya

…kuma ba shi da nauyi, abin haushin ke nan. Ɗan fil ne na ƙarfe, lanƙwasasshe kamar na kama gashi, bai kai tsawon yatsa ba. Amma tun daga gidansa na Deptford yake rinjayar aljihun Uwaisu, a bas, a lif, har gefen gadon Luba a asibitin nan na Camberwell. Yau kwana goma sha ɗaya yana yawo da shi.

Barci take. Ko rufe ido ta yi don kar ta gan shi? A'a. Ƙanwarsa ce, ya san ta, wawiya ce wajen yarda da mutum.

Jirgin sama marar inji ba ya yafiya. Maganar Obadiah ce, tsohon da ya koya masa aikin a kulob ɗinsu na bayan gari. A tirela ake kawo jirgin, fiffike daban, wutsiya daban, duk ranar tashi sai an harhaɗa. Ka haɗa ƙarfen da ke motsa faifan wutsiya, ka ji ya ce ƙas, ka zura fil ya kulle shi. Doka ɗaya tak: mai haɗa jirgi ba a yi masa magana. In an katse ka, koma farko. Ko uwarka ce ta taso daga kabari, in ji Obadiah, ta jira.

To ai ba uwarsa ba ce. Baba ne.

Salamu alaikum — daga bayansa. Baban da shekara shida yana cewa wasan 'ya'yan Turawa ne, yau ga shi da sandarsa, da ƙaton kwat a kan jamfa, ya zo ganin 'yarsa ta tashi ita kaɗai. Wane ɗan halak ne ubansa zai yi sallama ya bar shi tsaye yana kallon ƙeya? Fil na hannu, ya jefa aljihu, ya durƙusa a jiƙaƙƙiyar ciyawa. Sannu da zuwa Baba, ya hanya, ya gwiwar… Gaisuwa kam ta yi kyau, wallahi. Har dafa kansa aka yi.

Ya koma farko? Ina! Baba na rawar sanyi, Luba na ta tsalle-tsalle. Ya leƙa, ƙarfe a haɗe yake, ya rufe marfi. Aka riƙe faifan, aka ja sandar tuƙi, ya amsa. Yana amsawa mana — a ƙasa. Ya ɗauki biro ya sa hannu a littafin jirgi, da rubutunsa mai kyau ɗin nan.

Luba ta shiga, wayar ƙarfen da ke jan jirgi ta ja, jirgi ya ɗaga, ya ɗaga… sai ya sunkuyar da hanci kamar akuyar da aka fizge wa igiya. Ƙarar ma ba ta da yawa.

Injin wanki ne ya tona asiri, bayan kwana uku, a gida. Ƙwal, ƙwal, ƙwal, wani abu na bugun gangar. Ya sa hannu cikin jiƙaƙƙen wando ya lalubo. Ya zauna a ƙasan kicin har kayan suka fara wari.

Kuma me ya ce mata da ta farfaɗo sosai? Ta ce Yaya, na ja sandar tuƙi, ba ta amsa ba. Shi kuma — da bakinsa, yana gyara mata filo — kin firgita ne. Kin yi garaje. Dama hannunki ba ya natsuwa. Ta ce sorry. Sorry! Ta maimaita wa Obadiah, ta maimaita wa masu bincike da suka zo da littafinsu. Baba ya ce dama ya faɗa, kunne ne ba ta da shi. Sannan ya juya ya sa wa Uwaisu albarka, ɗa mai ladabi, wanda ya san girman uba.

Tarkacen jirgin na hannun masu binciken. Za su ga ramin, babu fil. Ko su ce faɗuwar ce ta cire shi? Ana samu… ai ana samu. Kogi na nan kusa da gida, sau huɗu yana tsayawa bakinsa don ya jefa fil ɗin, hannun ya ƙi buɗewa. Tsoron Allah ne? Kai, kar ya yi wa kansa kwalliya. Mai tsoron Allah ba ya kai kwana goma sha ɗaya da baki a rufe.

Ta buɗe ido. Yaya, a gwada.

Gwajin da likitoci suka ce a riƙa yi mata. Ya yaye bargo, ya riƙe tafin ƙafar gam, sanyi ƙalau. Tura. Ta cije leɓe, jijiyar wuya ta miƙe, gumi ya tsattsafo… babu. Umarni na fitowa daga sama, ba ya isowa ƙasa. Wa ya fi shi sanin wannan? Aikinsa ne.

Ya motsa?

Ba ki sa ƙarfi ba ne.

Subhanallahi, daga ina maganar ke fitowa? Kuma yaushe fil ɗin ya bar aljihu? Ga shi tsakanin yatsunsa, tsinin a kan tafin ƙafarta. So yake ta ji mana. Ta yi ihu, ta ɗago, ta ce mene ne wannan, shi kuma ya buɗe hannu a huta. Ya danna. Ya ƙara dannawa…

Ba ta ji komai ba, silin take kallo.

Yaya, in na warke, za ka nuna mini inda na yi kuskure?

Ɗigon jini ɗaya, bai kai ƙwayar gero ba. Ya goge da babban yatsa, ya ja bargo ya rufe. Ta juyo tana jiran amsa, har da ɗan murmushi, shi kuma hannunsa na dunƙule, bakinsa ya soma buɗewa, bai san wacce ce za ta fito ba, gaskiya ko wata ƙaryar…