Direban Tirela a Kujerar Fasinja

"Ɗauke ƙafarka daga kan tawa," in ji matarsa. "Ba birki ba ce."

Ya sunkuya ya duba. Da gaskiyarta. Tun da bas ɗin ta bar tasha, duk kwanar da aka sha sai ya danne mata yatsu.

"Mutumin nan ne bai iya tuƙi ba."

"Maigida, yau kai kaya ne. Zauna a kai ka."

Shekara goma sha tara yana jan tirela a wannan hanya, bai taɓa bin ta a kujerar fasinja ba. Kullum yakan dawo gida wuya a sanƙare, baki a ɗinke, ya ci abinci ya juya wa duniya baya. Ran nan ta tsaya masa a ƙofar ɗaki, ta ce ta gaji da hira da bango: ko ya ɗauki hutun kwana uku su fita tare, ko ta koma wurin yayarta har sai ya tuna tana da murya. Ya yi dariya, wai wace hanya ce bai sani ba? Ita kuwa ko murmushi.

Yanzu ma idonsa na kan kwalta. Nan ya san wurin sarai: gangara, rami a hagu, a sauko giya ta uku. Sai ta kama haɓarsa ta juya masa fuska wajen taga.

Ruwa ne shimfiɗe har ƙarshen gani, rana ta zuba masa azurfa, fararen tsuntsaye na tashi daga cikin ciyayi.

"Kai! Yaushe aka yi wannan?"

Wata tsohuwa a bayansu ta ƙyalƙyale. "Ɗana, tafkin nan ya girmi kakanka!"

Kunya ta kama shi, sannan dariya, irin wadda ya manta yana da ita. Kafaɗunsa suka sauko. Bai san lokacin da bakinsa ya buɗe ba: ya ba ta labarin rafin da ya koyi iyo yana ƙarami, da yadda ya kusa nutsewa don burge wata.

"Wata wa?"

"Ba ta kai ki kyau ba."

"Makaryaci," ta ce, idonta ya ciko, hannunta cikin nasa.

Tafkin ya fara ja da baya. Ya miƙe tsaye, ya bugi rufin motar da tafin hannu.

"Direba, gangara gefe! Ni da matata a nan za mu sauka."